Hajji Makki da Gonar Safi

Da ruwan teku ya janye, Hajji Makki zai naɗe zanensa zuwa gwiwa, ya kora jakinsa da amalanke cikin ruwa, ya tafi yankar ciyawa. Aikinsa ke nan tun yana saurayi a ƙauyenmu na gaɓar Bahrain. Bai taɓa mallakar jirgi ba. Koriyar ciyawar nan da ke fitowa a kan duwatsun murjani yake kawo wa masunta, su cusa a kwandunansu na waya, domin kifin da ake kira safi ba ya kula nama, sai ganye.

Kowa ya san daɗin safi a kan shinkafa mai zumar dabino, amma wa ya taɓa tambayar wanda ya yanko abin da ya jawo shi cikin kwando? Hajji Makki ne ya koya wa rabin masuntanmu gane shi: ɗan bakin nan kamar na zomo, fararen ɗigo a jiki, da ƙayar baya mai dafi wadda ke sa ƙato kuka. Ya ce ba a nemansa a zurfi, sai inda rana ke kaiwa ƙasan ruwa. Ma'aikatan jirgi sun ba shi labarin ana samunsa har Bahar Maliya, ya taɓe baki ya ce, "Na can baƙo ne, bai ci ciyawarmu ba."

Sai aka fara cike gaɓa da yashi don gina gidaje. Wuraren ciyawa suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, safi ya yi nisa, har saura fili guda, shi ma aka kafa masa tutar alamar za a cike shi. In ya tafi, safi ya bar mu ke nan.

Abin da Hajji Makki ya yi, mutane sun gani da idonsu. Ya riƙa ciro duwatsu masu ciyawa, yana lulluɓe su da jiƙaƙƙen buhu, yana kai su bayan tsibiri inda yashin ba zai kai ba. Aka yi ta dariya. Matarsa Khatun ma, mai kiransa Abu Radi, ba ta raga masa ba.

"Abu Radi, mutane na ƙaura da iyali, kai kana ƙaura da duwatsu! Har katifa za ka saya musu?"

"Ke dai tanadi zumar dabinonki," in ji shi.

Kai ne ka yi wa kifi gona, Hajji, ba wanda ya sa ka, ba wanda ya ce maka sannu. A can ka bar gwiwoyinka, ƙyallin ruwa kuma ya cinye maka ido. Shekaru suka wuce kana zaune a ƙofar gida, fuskarka na kallon inda teku take a da, yanzu sai bangaye. Duk wanda ya gifta sai ka tambaye shi, "Sun zo?" Mu kuwa kunyar amsa muke ji. Wallahi mun yi kewar ganinka cikin ruwa.

A bana ne Abdun Nabi masunci ya shigo layin da gudu, bokiti na tangaɗi a hannunsa.

"Baffa, safi ne daga kan duwatsunka! Amma kada ka taɓa, da ransa."

Hajji Makki bai saurare shi ba. Ya zura hannu yana lalube, ƙayar ta shige masa yatsa. Khatun ta yi salati ta ruga ɗauko ruwan zafi, amma ya ɓoye hannun a ƙirjinsa, hawaye na bin gemunsa.

Mun gode, Hajji Makki, Allah Ya saka maka da alheri. Masu ƙafa da ido a cikinmu, akwai sauran duwatsu a bakin yashi, ku je ku ɗauko. Wanda ke jin ƙyuya kuma ya tuna abin da tsohon nan ya faɗa wa matarsa tana jan hannunsa zuwa kwano:

"Dakata, Khatun. Bar ni in ji zafin nan tukuna, na daɗe ina jiransa."