Ranar da Aminina Ya Fassara Mini Fim a Maitama

Abubuwa da yawa sun wuce ni a Abuja na manta da su, amma yammacin wata Asabar da na yi a falon aminina a Maitama zai bi ni har kabari.

Sana'ata sayar da kayan gyaran mota ce a Apo. Da faranti na fara, ina yawo da fulogi da fiyus, har Allah ya ba ni shago. Shi kuwa aminin nawa ɗaki ɗaya muka taɓa kamawa a Garki muna samari. Ya yi boko, ya zama manaja a wani kamfanin gine-gine. Kamfanin nan ne ya sayi filin da layin shagunanmu yake, kuma kowa ya san shi zai yanke ko a rushe layin ko a bar shi. Na je ne in ji gaskiya daga bakinsa, don in san ko in fara kwashe kayana.

Ya karɓe ni hannu biyu, aka kawo farfesu. Ina buɗe baki ya ce in bari tukuna, akwai fim ɗin da ya hana shi sukuni, sai na gani.

Labarin wasu mutum biyu ne a jirgin sararin samaniya. Iskar shaƙa ta kusa ƙarewa, ba za ta ishi biyu ba, sai ɗaya ya kulle wa ɗan'uwansa ƙofa ya dawo duniya shi kaɗai. A ƙarshe ya shiga gidansa, ya tarar da wanda ya bari a sama zaune yana shan shayi. Suka kalli juna, fim ya ƙare.

Ya tambaye ni me na fahimta. Na ce alhaki ne ya kama mutumin, ya fara gane-gane. Ya yi dariya ya ce kan 'yan kasuwa bai wuce nan ba. Wai masana na cewa duniya ba ɗaya ba ce, duk lokacin da mutum ya yanke shawara sai ta rabe biyu, a ɗaya ya yi, a ɗayar bai yi ba. Mutumin ya faɗa duniyar da bai kulle ƙofar ba ne.

"Ka ga ke nan, Alhaji, ba za a kira shi mugu ba," in ji shi. "A can ai ya ceci abokinsa."

Na ce, "To wanda aka bari a wannan duniyar fa, mutumina?"

Ya ɗauki rimot yana jujjuya shi, ya ce ni dai ba na son zurfafa tunani.

Na shekara da shekaru ina karantar fuskar mai saye. Na san mutumin da ke neman kaya, na san wanda ya riga ya saya a wani wuri yake jan zance don kunya. Aminina ba fim yake fassara mini ba, kansa yake wankewa. Na gane ya riga ya sa hannu.

Ban yi masa tambayar da ta kawo ni ba. Na gode da farfesu, na wuce Apo kai tsaye, na faɗa wa maƙwabtana su nemi motar kwashe kaya. Wasu sun ji, wasu suka ce ai manajan mutumina ne, ba zai yi mana haka ba. Da katafila ta zo, kayan waɗannan a ciki ta same su.

Rushe shagon bai ci mini rai kamar rashin faɗar ba. Da ya ce mini an fi ƙarfinsa, da na yafe masa tun kafin in tashi daga kujerar. Har yau ban san me mai fim ɗin yake nufi ba. Abin da na koya shi ne, idan ka je wa mutum da tambaya ƙarama ya tare ka da dogon bayani, amsar ta riga ta fito, sai ka tashi ka kama shiri.