Makullin Baba

Ranar Alhamis ce, ta ƙarshen zangon karatu, muna aji biyar a firamaren ƙauyenmu da ke gabas da Isa. Gero ya fitar da kai, iyaye sun baro gona sun zauna a gindin darbejiya don kallon wasan kwaikwayonmu. Malam Isiya, mai koya mana Turanci, shi ya tsara wasan, bayan ya ji hira a rediyo da wata 'yar wasa Bafalasɗiniya, mai zane-zane, wadda ke yawon duniya tana magana a madadin 'yan gudun hijira. Ta ce kakanta ya mutu da makullin gidansu a wuya.

Abokina Sanusi aka bai wa tsohon. Muka yi masa gemu da auduga, muka shafa masa toka a ka. Makulli ne ya gagara, domin a duk ƙauyen ƙyauren kara ake jawowa, sai da aka ari na ofishin hedimasta. Sanusi ya fito yana rawar jiki, yana sumbatar makullin yana kuka, kukan da har yau ban ga kamarsa ba. Jama'a kuwa suka kwashe da dariya. A wurinmu wasa na dariya ne, ba mu san wani iri ba. Mahaifina, wanda ya fi kowa murya, ya share hawayen dariya ya ce, "Malam, wagga tatsuniya ta! Wa ka barin hatsi tsaye shi tahi?" Malam Isiya ya dai karɓi makullin ya mayar.

Shekaru masu yawa suka shuɗe. Bara waccan, da damina, 'yan bindiga suka ba ƙauyenmu kwana biyu mu tashi. Baba ya sayi kwaɗo karon farko a rayuwarsa, ya garƙame ɗakinsa, ya bar hatsi a tsaye. Yanzu yana kwana a wani ajin makaranta a cikin Isa, ƙarƙashin allo.

Sanusi bai bar wasa ba. Shi ke zagaya makarantun da mutanenmu suka cika, har tsallaken iyaka, yana zana musu garuruwansu da gawayi a bango, yana kai kukansu gidan rediyo. Da ya zo ajin su Baba da tsohon wasan nan, furfurarsa ta hutar da shi neman toka. Makulli ne kawai ya manta. Baba ya zaro nasa daga wuya ya miƙa.

Babu wanda ya yi dariya. Da aka tashi, Baba ya riƙo hannun rigarsa ya ce, "Ɗana, maido min abina. Da kaka za ni gida."

Ni na riga na je na gani da idona, ɗakin ya ƙone har ƙyauren. Na taya Baba ɗaura igiyar makullin a wuya.