Bargunan da Ba Su Isa Sansani Ba

A shekarun da kuɗin fetur suka fara kwararowa gida, gwamnatin jiharmu ta turo ni Landan karatun aikin jinya. A flat ɗaya muke zaune da wata Bafalasɗiniya 'yar ajinmu. A sansanin 'yan gudun hijira aka haife ta, a kudancin Lebanon, kuma mahaifiyarta da ƙannenta suna can.

Ba ta cika son zancen wurin ba sai in muna girki. Ta ce rufin ɗakinsu kwano ne da aka danne da duwatsu, in ruwan hunturu ya sauko a zaune suke kwana. Famfo ɗaya unguwa guda ke yi wa layi. Garin alkamar da hukumar agaji ke rabawa ba ya kai ƙarshen wata. Likitan asibitinsu kuwa yakan duba mutane har muryarsa ta dushe, kuma ko me ya kawo ka, maganin ciwon kai za ka samu. Sanyi ta fi tsoro, don shi ya yi ajalin jaririn yayarta.

Da Babbar Sallah na tafi da ita gidan wani aminin mahaifina, ɗan kwangila da ya sayi gida a Landan saboda karatun 'ya'yansa. Baba nake ce masa. Da ya ji labarinta har ya share ƙwalla da hannun riga.

Ya ce, "'Yata, ku tara abin da za ku iya tarawa. Ina hulɗa da masu jiragen ruwa, kai kaya Beirut ba wani abu ba ne."

Muka duƙufa. Ɗalibai 'yan ƙasarmu na wajen unguwar Aldwych suka ba da barguna da rigunan sanyi, likitoci 'yan gida suka haɗo bandeji da auduga. Mu biyu muka riƙa jidar buhuna a tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, Turawa na harararmu, muna zubawa a garejinsa. Ƙawata ta aika wa mahaifiyarta saƙo ta bakin wani ɗan'uwansu da zai koma. Daga baya muka ji har an share ɗaki a asibitin sansanin ana jiran kaya.

Hunturu ya shigo. Duk lokacin da na tambaya sai Baba ya ce an yi booking, jirgi ne bai tashi ba. Wata Asabar na je gaishe su, na tarar da sabuwar mota a garejin, babu buhu ko ɗaya. Na shiga da murnata na ce wa matarsa, "Hajiya, ashe kaya sun tafi!"

Ta ce, "Tuni ai. Da kujerunmu aka haɗa su zuwa Kano. Alhaji ya raba a ƙauyensu, baki ga addu'ar da ya sha ba."

Na juya na nufi wajen Baba. Na same shi a falo, na durƙusa na ce, "Baba, kayan nan fa da sunan mutanen sansani muka roƙo su."

Ko takardun gabansa bai ajiye ba. Ya ce, "Sadaka ai sadaka ce. Namu na gida ba mabuƙata ba ne? Ke yarinya ce, ba ki san wahalar tashar Beirut ba."

Na koma na gaya wa ƙawata komai. Tana yanka albasa, ba ta ɗago ba. Can ta ce, "Mun saba da masu alkawari. Amma wannan da na gan shi yana salla, sai na ce wa Umma ta sa rai."

Mun ƙarasa karatu tare, ba ta taɓa yi mini gori ba, sai dai ba ta ƙara bi na gidan 'yan garinmu ba. Shi kuwa har ya rasu mahaifina na aikena in gaishe shi, ina zuwa, ina durƙusawa, domin ban iya gaya wa tsohon abin da amininsa ya yi ba.