Babin da Ban Karanta wa Baba Tanko Ba

Har yau ban manta da ranar da aka rufe mana karatun kasuwa a Ajingi ba, a tsakiyar shekarun saba'in. Ni ne malamin laburare a lokacin. Cikin aikina akwai karanta wa marasa boko littafi duk ranar kasuwa bayan la'asar, in na Turanci ne ina yi ina juya musu da Hausa.

Mun karance littattafanmu kaf, sai wani guda mara bango. Labarin wani tsoho ne mai sana'ar fito da kwalekwale a wani tsibiri. Shafi bayan shafi, ba faɗa ba soyayya, sai gyaran taru da ciwon gwiwa da samari suna tafiya birni. Ni kaina hamma nake yi. Jama'a suka dinga zamewa, har ya rage Baba Tanko kaɗai, wani dattijo daga Toranke wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana kai gyaɗa Kano a kan jakuna kafin motoci su karɓe aikin. Bai taɓa ganin tsibiri ba, amma kullum sai ya tambaye ni ya jikin mutumin.

Da mai duba mu ya zo daga Gaya ya tarar da mutum ɗaya a tabarma, ya ce hukuma ba za ta biya ni don in yi wa tsoho tatsuniya ba, kasuwa mai zuwa ce ta ƙarshe. Ban musa ba, na gaji.

Ranar na zo da niyyar in zuba sauri, ko Baba ya ji ƙarshe. Muna isa inda aka fara kafa gada zuwa tsibirin, ya ɗaga hannu.

"Malam, har yanzu yana cikin kwalekwalensa?"

Na ce yana ciki, Baba, saura babi ɗaya.

"To rufe. Abin da ke gaba na sani, a kaina aka yi. Bar shi a kan ruwa."

Na rufe, raina ba daɗi. Ya yi godiya, ya kwance jakinsa ya tafi.

Ku da kuke aikin yanzu, za a dinga auna ku da yawan masu zama. Ni dai a duk shekarun da na yi ina karanta wa jama'a, mutum ɗaya na tabbata ya saurare ni, shi ma bai bari na gama ba.