Ranar da Aka Kawo Komi Gidanmu

Shekara goma sha ɗaya na yi ina haya a wani gida da ke lungu na uku in an shigo ta Ƙofar Kuyambana, kuma a iya sanina ni kaɗai ce 'yar Katolika a unguwar. Aikin ungozoma ne ya kawo ni. Asibitin da nake aiki yana cikin ganuwa, haihuwa kuwa ba ta jiran wadda za ta hau mota biyu kafin ta iso. Mai gidan wata dattijuwa ce, Hajiya, mijinta malami ne, ya rasu ya bar ta da ɗakuna da tulin littattafai. Ranar da na tare na gaya mata addinina, don kada ta ji a bakin wani. Ta dube ni ta ce, "To. Kina dai shara ko?" Iyakar tambayar ke nan, ta miƙo mini mabuɗin ɗakin da ke kusa da rijiya.

Cocinmu yana can bayan gari, kuma yawancin mutanensa daga kudu suke. Ni kuwa Bahaushiya ce gaba da baya, kakana ne ya karɓi addinin a ƙauyenmu. Saboda haka a cikin birni ni ce "Kiristar nan", a coci kuma ni ce "Bahaushiyar nan". Ko'ina ana gaishe ni, amma babu inda ake ajiye mini wurin zama. In an tashi daga Mas, wato ibadarmu ta Lahadi, kowa ya nufi 'yan garinsu, ni kuma in tsaya ina gyara ɗankwalin da babu abin da ya same shi.

Akwai wani abu da na koya a harabar cocin nan, ba na kuma alfahari da shi. Matan sukan tambaye ni, "Sista, yaya cikin birni? Suna barin ki kuwa?" In na ce lafiya lau, hira ta mutu ke nan. In kuwa na yi ajiyar zuciya na ce, "Sai haƙuri," nan da nan a kewaye ni, wata ta riƙe hannuna, wata ta matsa mini a benci. Ban taɓa shirga ƙarya ba. Sau ɗaya wata mata ta kira ni arniya a kasuwa, wannan ɗayan na ba da labarinsa ya fi sau ashirin. Naman Salla da ke cika mini kwano kowace shekara kuwa, ban taɓa kawo zancensa ba. Kaɗaici ne ya sa ni, amma dai ni na yi.

A makonni huɗun da muke jiran Kirsimeti, matan shiyyarmu suna da wata al'ada. Akwai ɗan komin katako, irin wanda aka kwantar da Yesu a ciki, tsawonsa bai wuce kamu biyu ba. Kowace yamma a kai shi gidan ɗaya daga cikinmu, a kunna kyandir, a ja carbi, a yi waƙa, matar gida ta zuba ciyawa cikin tafi ɗaya, a ci abin da ya samu. Kafin jajibirin Kirsimeti komin ya cika, sai a kai shi coci a kwantar da ɗan mutum-mutumin jariri Yesu a ciki. Na bi komin nan gida-gida shekara da shekaru, har Tukur-Tukur da gaba, na sha zoɓon kowa. Gidana ne kawai bai taɓa zuwa ba. Kullum in an zo kan sunana sai shugabarmu, wadda muke kira Mama, ta ce, "Sista ta yi nisa," a wuce.

Shekarar da nake ba da labari, bayan Fada, limamin cocinmu, ya kunna kyandir na makon farko a coci, muka zauna rabon kwanaki. Da Mama ta ce na yi nisa, sai na ji bakina ya riga ni. Na ce, "Mama, nisan da nake yi in zo gidajenku, shi ne dai nisan da za ku yi ku zo nawa. Ko hanyar tana ƙara tsawo ne in an juya?" Aka yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta rubuta ni ranar Alhamis ta mako na uku, tana rubutu tana kallon sauran.

Abin da nake so bai da yawa. So nake sau ɗaya a rayuwata a cika tsakar gidan da nake kwana da waƙar addinina, in ga mutanena zaune inda nake shanya.

Na sami Hajiya tana tsince wake, na yi ta kewaye-kewaye. Ta ce, "'Yar nan, faɗi abin da ya kawo ki, waken nan ba zai jira ki ba." Na faɗa. Ta ce, "Baƙinki ai baƙina ne. Ku dai gama kafin magariba, kada waƙarku ta haɗu da kiran salla. Su nawa ne?" Na ce za su kai ashirin. Ta ce tabarmina ba za su isa ba, ta aika maƙwabta aka aro guda huɗu. Da haka duk lungun ya san Malama ungozoma za ta yi baƙi.

Na ɗauki hutun kwana biyu. Na soya cincin, na dafa shinkafa tukunya guda, na sayi kaji uku na kai wa liman na lungunmu ya yanka, don kowa ya iya ci. Ciyawar ma sai da na je wajen mai awaki na zaɓo mai laushi. Tun azahar na yi wanka na ɗaura zanen coci, na zauna ina jin kowane motsi a zaure.

Bayan la'asar aka yi sallama ƙasa-ƙasa. Na fita da sauri, na tarar da mata huɗu, da ƙyar na gane su. Kowacce ta lulluɓe da aron mayafi har ƙasa, Mama ma hijabi ta sa, ta sa shi a karkace, kunne ɗaya a waje. Da wata rana ce da na yi dariya har na faɗi. Komin yana cikin buhun shinkafa, an ɗaure baki, ɗaya ta rungume shi kamar kayan sata. Na ce ina sauran? Mama ta ce, "Mazansu sun hana. Mu ma mai adaidaita yana jiran mu a bakin ƙofa. Mu yi sauri, Sista."

Suka ƙi zama a tsakar gida inda aka shimfiɗa tabarmi. Ɗakina muka shige, Mama ta tura ƙofa. Na ɗauko waƙar da muke farawa da ita, ban kai ƙarshen layin farko ba wata ta dafa gwiwata ta ce, "A hankali." Muka ja carbin da raɗa, kashi ɗaya cikin biyar. Na zuba ciyawata cike da takaici.

Ana cikin haka Hajiya ta yi sallama, ta turo ƙofa da tulun kunun zaƙi a hannu. Ta sa sabon zane saboda su. "Sannunku da zuwa, bayin Allah. Sannunku da hanya." Kafin ta rufe baki, wata ta hure kyandir, Mama ta ja gefen hijabinta ta rufe komin. Babu wadda ta amsa gaisuwar sai ni. Hajiya ta dubi hayaƙin kyandir, ta dubi hijabin, ta ajiye kunun a hankali ta ce, "A sha lafiya," ta fita.

Ba su sha ba. Ba su ci ko ƙwayar shinkafa ba. Duka-duka zamansu bai kai na mai jiran ruwa ya tafasa ba. Na raka su bakin zaure, na dawo na naɗe tabarmin da ba a taka ba, na mayar wa masu su. Kowane gida aka ce, "Har baƙin sun tafi? Ba mu ji waƙa ba." Na ce ai suna sauri ne.

Ranar Kirsimeti coci ya cika, an yi ado, ana ta ganga. Wajen sanarwa Mama ta tashi ta gode wa Allah da ya kai komi har tsakiyar birni ya kuma fito da su lafiya, ta ce a yi wa Sista tafi saboda juriyarta. Aka yi mini tafin da na yi shekaru ina nema. Na miƙe, na rusuna, ban gyara ko kalma ɗaya ba. Ban taɓa jin ni kaɗai ce ba kamar a cikin tafin nan.

Da na koma gida na zuba wa Hajiya shinkafa da kaza kamar kowace shekara. Mako guda ke nan ba ta ta da zancen ba, gaisuwa kawai muke yi. Na durƙusa na ajiye kwanon. Ta ce, "Barka da Kirsimeti. Allah ya maimaita mana." Na ce amin, na yunƙura zan tashi, sai ta ce in dakata. Babu faɗa a muryarta, da ma faɗan ta yi.

"'Yar nan, matan nan ba su san ni ba, ba su taɓa shigowa lungun nan ba. Duk abin da suka sani a kanmu, a bakinki suka ji. Shekara goma sha ɗaya muna shan ruwan rijiya ɗaya. Me kika ce musu muna yi miki?"

Na tuna labarin kasuwar nan da na ba da ya fi sau ashirin. Ta jira ni, ta daɗe tana jira. Sannan ta jawo kwanon gabanta, ta yi bisimilla, ta fara ci.