Hoton "Kafin" da "Bayan"

Wata rana ina zaune a shagon ɗaukar hoto ina jiran layi, sai ga wata 'yar TikTok ta shigo. Ba zan kama suna ba, da yawanku kuna bin ta.

Ita da ƙanwarta ne, Husna, 'yar sakandare. Wallahi kamarsu ɗaya, hanci, ido, har wushirya. Kawai dai yayar fara ce, Husna kuma baƙa.

Ashe tallan man shafawa za a ɗauka. Wakilin kamfanin ma yana wajen, ya jera robobin man a kan tebur. Shi ya ce ta taho da ƙanwar.

Aka zauna aka tsara wa yayar kwalliya. Husna ko hoda ba a shafa mata ba.

Sai mutumin ya ce, "Ƙanwata, tsaya nan hagu, ki ɗan ɓata rai. A ƙasan hotonki za mu rubuta Kafin. Hajiya, ke kuma dama, ki yi murmushi, ke ce Bayan."

Kun gane ai? So yake a ɗauka mutum ɗaya ce, mai ne ya mayar da ita fara.

Yayar ta ɗan yi jim, amma ta je ta tsaya. Ta riga ta sanar wa mabiyanta ta zama jakadiyar kamfani, ana ta yi mata barka.

Husna ba ta yi musu ba. Ta ɓata ran kamar yadda aka ce. Can sai ta ce a hankali:

"Yaya, in an gama ki roƙar min guda ɗaya. Ko ni ma na gyaru."

Yayar ta juyo ta dube ta.

"Ki gyaru? Me ya lalace a jikinki, Husna?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai.

Mutumin ya yi 'yar dariya. "Haba Hajiya, talla ne fa. Kowa haka yake yi."

"Malam, kalar mahaifiyarmu ce wannan. Kwashe kayanka, na fasa."

Ya ce mata akwai irinta da yawa masu jiran tallan a layi, kuma ba zai sake kiran ta ba. Ta ce ta ji.

Ta jawo Husna jikinta, ta goge mata ido da bakin mayafi, ta ce wa mai hoto, "Ɗauke mu tare."

Sai da aka ɗauka sau da yawa kafin yarinyar ta iya murmushi.

Darasi: In kana da mabiya, ba kowane talla ake karɓa ba. Ka tambaya: gaskiya ne abin da za a ce? Wa za a ƙasƙantar don kayan su shiga? Na gidanku ma suna kallo, kuma sun fi kowa yarda da kai.

Ku tura wa duk wani mai talla da kuka sani.

Husna dai yayarta na kusa, ta ji ta. Sauran yaran da suke kallo a waya su kaɗai fa, wa zai ji su?