Na Ɓoye Aikin da Aka Yi Mini a Gwiwa

A lokacin da abin nan ya faru ni dillalin hatsi ne, ina da shekara arba'in da 'yan kai, mata ɗaya da 'ya'ya biyar, a wani ƙauye da ke bayan Gezawa. Ban gaji komai ba. Da dako na fara, daga nan na riƙe kwanon awo a rumfar wani dattijon garinmu wanda har gobe Baba nake ce masa, har Allah ya sa na tsaya da ƙafata. Manoman yankinmu sun san ni da hali guda, ba na aike. Da kaina nake shiga ƙauye, in zura hannu cikin buhu, in tauna wake in ji bushewarsa. Kasuwa kuma ta koya mini wata aƙida da na riƙe gam, cewa dillali ba ya bari a ga rauninsa. Ran da kayana suka yi kwantai, ran nan nake sa sabuwar hula.

Wata rana na diro daga kan motar kaya, gwiwar dama ta murɗe. Shekara biyu ina fama, daga mai ɗori sai man zafi, ina ɗingishi a gida ina miƙewa a waje. Da aka ɗauki hoto a Kano, likita ya nuna mini cewa guringuntsin da ke hana ƙashi gogar ƙashi ne ya ɓantare, ya bar ɗan rami, kuma shi guringuntsi ba ya warkewa da kansa kamar fata, domin jini ba ya ratsa shi. Ya ce tunda ramin bai faɗaɗa ba, akwai wani aiki da ake yi a ƙasar waje. Ana huda ƙashin wurin ƙanana-ƙanana don jini da ɓargo su fito, sannan a cike ramin da wani abu mai kama da jiƙaƙƙen ƙaro. Shi ke riƙe jinin a wurin har sabon guringuntsi ya tsiro a cikinsa, daga baya ya narke. Na ce masa ai na gane, katakon da ake kafawa ne kafin a zuba kankare. Ya yi dariya ya ce to Alhaji, tunda ka san kankare, ka san ba a taka shi ɗanye.

Na je aka yi aikin, kuma ba ni da abin da zan ce sai godiya. Sharaɗin da aka ba ni a fili yake: mako shida ƙafar ba za ta ɗauki nauyina ba, sai da sanduna biyu, durƙuso kuwa sai bayan watanni. A nan na tafka kuskurena. Tun kafin in tafi na yanke cewa ba wanda zai sani. Kaka ta gabato, na san akwai dillalai biyu da suka daɗe suna zagaya manomana, na kuma ƙudurta cewa ran da aka ga ina dogara sanda, ran nan za a fara yi mini kallon wanda ya ƙare. Sai na ce wa maiɗakina duk wanda ya tambaya ta ce na raka wake Kudu. Da na dawo, har cikin gida aka shiga da mota aka rufe ƙofa, na tare a ɗakin baya, aka ja wa yara kunne.

Ban san me ake kira kaɗaici ba sai a ɗakin nan. Ni da nake gaisawa da mutane tun daga asuba har magariba, sai ga ni ina kallon silin. Tagar ɗakin tana kallon lungun da ake bi zuwa masallaci, ina jin takun takalma ina gane masu su, wannan liman ne, wannan mai shayi ne da jan ƙafarsa. Makon farko ana ta sallama a zaure, ina jin maiɗakina daga bayan ƙyaure tana cewa bai dawo ba tukuna. Mako na biyu sallamar ta ragu. A na uku sai a yini ba wanda ya ambaci sunana. Waya tana hannuna, amma kowane kira sai na ƙirƙiro ƙaryar hanya da ta farashi, har na gaji na riƙa kashe ta. Maiɗakina ta ce ita fa ta gaji da zunubin da ba nata ba, wai ko ɓarawon akuya bai kai ni ɓuya ba, kuma mutumin da aka yi wa aiki haƙƙinsa ne a zo a duba shi, me ya sa nake hana kaina. Na ce mata ba ta san kasuwa ba. Ta ce gaskiya ne, amma ta san mijinta, kuma tana ganin yadda yake ramewa.

Ana cikin mako na huɗu Allah ya yi wa babban ɗan Baba rasuwa. Na ji wucewar mutane da gawa ta bayan tagata, ban fita ba. Kwana biyu ina juyi. Na gaya wa kaina cewa kunyar Baba ce ta dame ni, amma yau da nake rubutun nan na san har da yunwar ganin mutane. Ran sadakar uku na sa babbar riga na ce direba ya kai ni. Maiɗakina ta biyo ni har mota da sandunan tana roƙo, na karɓa don ta ƙyale ni, na bar su a kujerar baya. Na taka daga mota zuwa rumfar makoki ina cije baki, mutane na ta yi mini barka da hanya, wani abokin wasana yana tsokanata wai abincin Kudu bai karɓe ni ba. Da na isa gaban Baba, yana zaune a tabarma idonsa jawur, ban yi wani tunani ba. Shekara talatin ban taɓa gaishe shi a tsaye ba. Na durƙusa har ƙasa da dukan nauyina. Na ji wani abu ya goce a cikin gwiwar, zafi ya taso mini har ƙeya. Na yi ta'aziyyar har ƙarshe, amma da na zo tashi sai da mutum biyu suka ɗaga ni.

Kafin la'asar gwiwar ta kumbura ta yi tulu. Sabon hoto ya nuna abin da aka cike ramin da shi ya ɓalle tun bai kama ba, gefen ramin ma ya ƙara tsagewa. Likitan bai yi mini faɗa ba, ya dai ce yanzu wurin ya wuce irin wancan aikin, sai dai a lallaɓa har lokacin da za a sa ƙarfe. Asiri kuwa ya riga ya tonu. Gidana ya cika da masu dubiya, da lemo da ayaba da fura, har da dillalan nan biyu. Ba manomi ɗaya da ya guje ni. Baba ya zo da kansa bayan sadakar bakwai, ya zauna a bakin gadona. Sai ya ce ya binne ɗa guda, ashe ɗayan yana kwance a bayan katanga yana jin wucewarsu. Ya ce da na aiko masa, shi da kansa zai hana ni durƙuson, kuma na hana gari guda ladan dubiya saboda buhun wake.

Na rubuto ne saboda na ji mutanenmu sun fara zuwa irin wannan aikin. Ban ga laifin aikin ba, ni na ɓata shi. Wanda duk za a yi wa, ya sani cewa na likita yini guda ne, sauran makonnin nasa ne, kuma mutumin da ya saba da jama'a ba zai iya cinye su shi kaɗai ba. Ka gaya wa maƙwabtanka da dattawanka tun kafin ka tafi, don su zo su zauna da kai, don kuma kada al'ada ta tilasta maka abin da likita ya hana. Har yanzu ina harkata, sai dai yanzu aike nake yi. A masallaci an ajiye mini farar kujera a ƙarshen sahu. Duk sanda liman ya yi kabbarar sujada, garin gaba ɗaya ya kai goshi ƙasa, ni kaɗai nake saura a sama ina kallon bayansu. Sau biyar a rana nake tuna abin da na yi wa kaina, kada wani ya bi sawuna.